Manhajar YouVersion a hannun mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa

Manhajar YouVersion, wadda mutane da yawa suka fi sani da suna Bible App, ta zama abin da ake gani a wayoyin masu bi a majami'u daga Jos zuwa Kafanchan, daga Gombe zuwa Maraɗi, har ya kai ga idan mai wa'azi ya ambaci wurin karatu, masu taɓa fuskar waya suna kusan yawan masu buɗe shafi. Na daɗe ina amfani da ita wajen karatun kaina da kuma shirya darasin nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma ra'ayina a kanta shi ne: ta kawo wa mai karatu da Hausa nassin kansa cikin sauƙin da iyayenmu ba su samu ba, tana kuma taimaka masa ƙwarai wajen gane dalilin bambancin juyi da juyi, amma idan aka zo ga tambayoyin fassarar ma'ana, waɗanda su ne suka fi damun mutane, abin da ta tanada wa wanda Hausa kaɗai yake karantawa kaɗan ne.

Ikilisiyar Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ce ta fitar da manhajar a shekarar 2008, kuma har yanzu kyauta ake sauke ta, babu talla a cikinta. Rashin tallan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai ƙananan manhajojin Littafi Mai Tsarki na Hausa da dama waɗanda talla take ratsa wa mutum a tsakiyar Zabura. Ana iya sauke juyin da mutum yake so ya zauna a cikin waya, yadda zai karanta ko babu intanet, ana iya ƙara girman rubutu saboda masu raunin ido, a shafa wa aya launi, a ajiye alama, a kuma rubuta abin da aka koya a gefenta. Ga wanda wayarsa ba ta da wuri sosai ko kuɗin data yake masa wuya, akwai ƙaramarta mai suna Bible App Lite, wadda aka tsara musamman domin wuraren da intanet ba ta da ƙarfi.

Juyi biyu na Hausa nake yawan buɗewa a cikinta. Na farko shi ne Littafi Mai Tsarki na ƙungiyar Bible Society of Nigeria, wanda ya samo asali daga aikin da aka kammala a ƙarshen shekarun 1970, shi ne kuma aka saba karantawa a bagadi a ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN, HEKAN da EYN. Na biyu shi ne Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica, wanda Hausarsa ta fi kusa da yadda ake magana a yau, musamman ga ɗimbin masu bi na Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa da Taraba waɗanda suke sujada da Hausa alhali suna da harsunansu na gida. Kafin waɗannan biyu akwai tsohon juyi na 1932, wanda Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ɗauki babban nauyin aikinsa tare da abokan aiki, kuma kafin shi ma James Schön ya riga ya fitar da Sabon Alkawari a 1880. Na ambaci wannan tarihi ne saboda har yau akwai dattawa da suka haddace ayoyinsu daga juyin 1932, kuma yawancin gardamar da ake yi a ajin nazari tana tasowa ne a lokacin da abin da dattijo ya haddace bai yi daidai da abin da jikansa yake karantawa a waya ba.

A nan ne manhajar ta fi nuna amfaninta. Idan mutum ya taɓa aya, zai ga wurin kwatantawa, wanda yake jera masa ayar nan guda a cikin duk juyin da ya zaɓa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ko da harsunan sun bambanta. Malamin makarantar Lahadi zai iya jera na Hausa biyu tare da juyin Turanci irin su King James da NIV, wanda yake Nijar kuma ya haɗa da na Faransanci, ya ga a fili inda suka yi daidai da inda suka sha bamban. A Yahaya 3:16, alal misali, masu tsohon juyi sun saba da «haifaffe shi kaɗai», yayin da juyin Bible Society ya ce «makaɗaicin Ɗansa», kuma irin wannan bambancin yana nan tsakanin King James da sababbin juyin Turanci, domin masana Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, da yawa sun fahimci cewa kalmar asali tana nuna wanda babu irinsa ne. Wanda ya ga wannan da idonsa yakan natsu, ya gane cewa masu juyi ba su taɓa bangaskiya ba, ƙoƙari suka yi su faɗi abu guda da kalmar da ta fi dacewa. Sai dai sabon mai amfani ya lura cewa sunayen littattafai ma sukan bambanta, domin wanda wani juyi ya kira Yahaya shi ne wani ya kira Yohanna.

Tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda kuma na ga ta girgiza matasa masu himma, ita ce ta ayoyin da ake cewa an cire. Mutum yana karanta Matiyu sura 17 a NIV sai ya ga lamba ta tsallake daga 20 zuwa 22, haka kuma a Yahaya 5:4, inda ake maganar mala'ika mai motsa ruwan Betasda, da Ayyukan Manzanni 8:37, inda mutumin Habasha ya furta bangaskiyarsa kafin a yi masa baftisma. Ana yawan yaɗa saƙonni a WhatsApp masu cewa wata maƙarƙashiya ce aka ƙulla, kuma a Arewa, inda Kirista yake zaune da maƙwabta da abokan aiki Musulmi, sau da yawa ana yi masa wannan tambaya da zuciya ɗaya, yana kuma bukatar amsa ta gaskiya wadda ba ta da fushi ko kame-kame. Amsar tana cikin tarihin rubuce-rubucen hannu. King James, wanda ya fito a 1611, ya dogara ne da nassin Helenanci wanda ya samo tushe daga bugun da wani masani mai suna Erasmus ya yi a 1516, shi kuwa Erasmus 'yan kwafe kaɗan ne ya samu, waɗanda aka rubuta shekaru fiye da dubu bayan zamanin manzanni. Daga baya masana suka sami damar nazarin kwafen da suka fi waɗannan tsufa nesa ba kusa ba, irin su kundin Sinaiticus, wanda wani masani Bajamushe mai suna Tischendorf ya gano a gidan sufaye na Dutsen Sina'i a tsakiyar ƙarni na 19, da kundin Vaticanus, dukansu na ƙarni na 4. A yau kwafen Sabon Alkawari na Helenanci da aka sani sun haura 5,000. Da aka kwatanta su sai aka ga cewa wasu 'yan ayoyi ba sa cikin mafi tsufa, wataƙila masu kwafa ne suka shigar da su daga bayanin gefe ko daga wata Bishara, kamar yadda Matiyu 17:21 ta yi kama da Markus 9:29. Shi ya sa wasu juyi suke sa su a cikin baka biyu, wasu kuma a ƙasan shafi, kuma haka ake yi wa ƙarshen Markus daga 16:9 zuwa 20 da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11.

Abin da manhajar take yi a nan shi ne nuna wata 'yar alama a jikin ayar, a juyin da yake da bayanin ƙasan shafi, wadda idan aka taɓa za ta buɗe gajeren bayanin masu juyi. Wannan yana da kyau, domin babu abin da aka ɓoye. Amma jimla ɗaya mai cewa waɗansu tsofaffin rubuce-rubuce ba su da wannan aya ba ta isa ta kwantar da hankalin wanda bai taɓa jin labarin rubuce-rubucen ba, wani lokaci ma ƙara masa damuwa take yi. Manhajar ta sa kowa ya iya ganin bambancin da a dā sai ɗaliban makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru ko ta Kagoro suke tattaunawa, ba tare da ta ba shi darasin da su ɗaliban suke samu ba, saboda haka nauyin ya koma kan fastoci da masu bishara, waɗanda ya kamata su riga membobinsu sanin waɗannan wurare. Haka batun yawan littattafai yake: ɗan Katolika yana da 73, ɗan'uwansa na ECWA ko Baptist yana da 66, kuma abin da mutum zai gani a waya ya danganta ne da juyin da ya zaɓa.

Sashen da nake da damuwa a kansa shi ne ayar yini, wadda take fitowa kowace safiya, sau da yawa a kan kyakkyawan hoto da za a iya turawa abokai. Ba na raina ta, domin na san mutanen da aya guda ta riƙe su a ranar makoki. Amma tana koya wa mutum karɓar nassi guntu-guntu, alhali marubutan ba su rubuta shi haka ba. Rabon surori da muke amfani da shi ya zo ne a ƙarni na 13, ana danganta shi da wani babban bishop na Ingila, Stephen Langton, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ne ya sa su a 1551, domin sauƙin nemo wuri kawai. Irmiya 29:11, wadda ake yawan turawa a matsayin alkawarin nasara nan kusa, tana cikin wasiƙar da annabin ya aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da take gabanta ta faɗa musu cewa sai shekara 70 sun cika, bayan an riga an umarce su su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta. Ga iyalin da rikici ya raba da ƙauyensu, surar gaba ɗaya ta fi ayar ita kaɗai ta'aziyya, domin tana magana da masu jira mai tsawo. Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce zai iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi, ma haka take, domin Bulus yana tsare ne lokacin da ya rubuta ta, kuma a aya 11 da 12 yana maganar yadda ya koyi wadar zuci a cikin ƙoshi da yunwa. Manhajar tana ba da hanyar buɗe surar duka daga ayar yini, ina kuma roƙon duk mai amfani da ita ya mai da wannan al'adarsa.

Tsare-tsaren karatu suna da yawa ƙwarai, daga na kwana kaɗan zuwa na karanta Littafi duka cikin shekara guda, sai dai mafi yawansu da Turanci suke, kuma ikilisiyoyi da ƙungiyoyi dabam-dabam ne suka rubuta su, kowa da koyarwarsa a kan baftisma, baye-bayen Ruhu, zakka ko ƙarshen zamani. Kasancewar tsari a cikin manhajar ba ya nufin ikilisiyarka ta amince da abin da yake koyarwa, saboda haka yana da kyau a duba wanda ya rubuta kafin a kai shi ajin matasa. Wanda yake jin Turanci zai iya bin tsarin ya riƙa karanta ayoyin da Hausa, amma uwa a zumuntar mata wadda Hausa kaɗai take karantawa za ta tarar cewa bayanan da suke kewaye da nassin ba domin ta aka rubuta su ba. Akwai kuma ƙidayar ranakun da mutum ya buɗe manhajar a jere, wadda take ƙarfafa wasu, ko da yake buɗewa ba ita ce karatu ba.

Game da sauraro, juyin da yake da murya yana nuna alamar lasifika, kuma wannan taimako ne babba ga makafi, da tsofaffi, da waɗanda ba su yi karatu ba, domin ikilisiyar farko ma da kunne ta fi karɓar wasiƙun manzanni. A lura dai cewa sauraro ya fi karatu cin data nesa, kuma wanda zai yi amfani da waya a lokacin sujada ya kamata ya sauke juyinsa tun daga gida ya kashe data, domin saƙonni kada su raba masa hankali.

Ina ba kowane mai bi da yake da wayar zamani shawara ya sauke ta, ya ajiye juyin Hausa biyu a ciki, ya koyi amfani da wurin kwatantawa tun ranar farko. Malamin nazari da mai wa'azi kuwa suna bukatar su haɗa ta da littafin sharhi mai kyau da kuma shawarar wanda ya yi karatun tauhidi, kuma shagunan littattafan Kirista irin su ACTS a Bukuru suna nan domin wannan. Tun da yake ƙungiyoyi ne suke rubuta tsare-tsaren karatu su miƙa, ina fata makarantun tauhidi da hedkwatocin ikilisiyoyinmu za su zaunar da malamansu su rubuta darussa da Hausa a kan tarihin juyi, da ayoyin da ake tambaya a kansu, da yadda ake karanta sura daga farkonta zuwa ƙarshe, su sa su a inda matasanmu suka riga suke karatu kowace safiya.