Gargaɗi ga masu ɗaukar hoto a Kaduna: an cuce ni N750,000 a kan gilashin kyamara

Jama'a, raina a ɓace yake, don haka ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse. N750,000 wani mutum ya karɓa a hannuna ya ba ni mataccen gilashin kyamara, Canon 70-200mm f/2.8, yanzu kuma lambarsa ba ta shiga.

Kafin wani ya ce arha ce ta ruɗe ni, ni ba sabon shiga ba ne. Da hoton biki nake ci da iyalina. Na gwada gilashin nan da hannuna, a kan kyamarata, a bakin titin Ahmadu Bello inda muka haɗu. Na jawo allon wani shago da ke can tsallake a 200mm, fokos, wato saitin da ke sa hoto ya fito sarai, ya kama nan take, rubutun ya fito tar. Na ɗauki mai keke Napep yana wucewa, ya kama. Na duba jikinsa, na murza zoben zum, lafiya lau. To me kuma ake so mutum ya yi?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tare muka yi sallar La'asar da shi. Shi ya ce, "Malam, mu fara ba wa Allah haƙƙinsa, ciniki ba ya gudu." Ya bar mini gilashin a jakata muka shiga masallaci. A jakata! Muka fito ya ce, "Wallahi Malam, daga Ingila aka kawo mini, asibiti ne ya taso, in ba haka ba ko miliyan ba zan karɓa ba." A tsaye a wurin na tura masa N750,000. Har yanzu ina ganin yadda ya duba wayarsa ya ce, "Ya shigo, Allah ya sa albarka." Mutumin da kafaɗarsa ta taɓa tawa a sahu.

Ranar Asabar a wurin dina a Unguwar Rimi asiri ya tonu. Kun san yadda ɗakunan taron nan suke, a rage fitila a bar ja da shuɗi suna yawo. Amarya ta shigo, na ɗaga kyamara, sai gilashin ya fara kai da komo, zuuu gaba, zuuu baya, ya ƙi tsayawa a kan fuskarta. Na koma ɗigon fokos na tsakiya, wanda ya fi kowanne ƙarfi, bai kama ba. Na nemi bakin mayafinta inda fari ya haɗu da duhu, don kyamara irin wannan layin take nema ta kama, nan ma a banza. Shigowar amarya sau ɗaya ce, ba a maimaitawa. Duk hotunan dusu-dusu.

Kuma dalilin da ya sa na saye shi ke nan! Tsohon nawa 75-300mm ne, in ka jawo shi ƙarshe ƙofar haskensa f/5.6 ce, dole ya yi ta lalube in wuri ya yi duhu. Shi f/2.8 haskensa ya ninka wancan sau huɗu, don aikin dare ake sayen sa. N750,000 na biya don in huta da wannan matsalar, sai ga shi tsohon nawa ya fi shi kamawa.

Na manta, tun farko na ce mu haɗu bayan Magariba ya ce a'a, zai wuce Zariya, sai dai da rana. Har sau nawa yana nanatawa, da rana. Yanzu na gane. Da rana haske ya ishi kowane gilashi, ko mai ciwo ne zai kama.

Da na kai wa mai gyara, tocilar waya kawai ya haska ta baya ya ce, "Oga, leƙa." Funfuna ce ta yi saƙa a ciki kamar yanar gizo-gizo, ga hazo ya lulluɓe gilashin tsakiya. Ya ce hazon ne ke wanke bambancin haske da duhu, sai kyamara ta rasa abin kamawa. Ya nuna mini kusoshin baya duk sun sha sukundireba, an taɓa buɗe shi. Injin fokos ɗin ma ya gaji. Mutumin da ya sayar mini ya sani, wallahi ya sani.

Mahaifiyar amarya ta kira ni, "Ɗana, ina hoton shigowar 'yata?" Na rasa bakin magana. Sai da na mayar musu da rabin kuɗin aiki, ban da N750,000 ɗin.

Ina da hirarmu ta WhatsApp, da saƙon muryarsa yana rantsuwa, da rasit ɗin banki. Duk zan saka su, ina jira ne in gama shigar da ƙara wurin 'yan sanda.

In za ku sayi gilashi na hannu, ku gwada shi a ɗaki mai duhu, ku haska tocila a ciki. Wanda ya ce sai da rana, ku rabu da shi. An ce mini har yanzu yana tallar wani gilashi 24-70mm da sabuwar lamba a dandalin masu hoto, kuma labarin asibitin nan dai yake bayarwa. Ni ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.