Madubin Hangen Nesa: Mai Ido Biyu ko Mai Ido Ɗaya?

Matasa a Jos suna yawan tambayata wane madubi ya dace da mai fara kallon taurari. Mai ido biyu ya fi araha, ana rataya shi a wuya a hau duwatsun Shere, kuma yana nuna ramukan wata da Kaza da 'Ya'yanta tangaran, sai dai hannu yana rawa. Mai ido ɗaya yana da tsada, yana buƙatar haƙurin saiti, amma shi ke fito da zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn), abin da har yau yake ratsa ni. Kallon rana da kowannensu yana makantarwa. Sabon shiga ya ɗauki na farko. Wanda ya san mazaunin taurari, kuma yana da hali, na biyu ne nasa.