Dream League Soccer a 'yar Tecno ɗina: madanni uku sun ishe ni

Jama'a barkanmu. Wata biyar kenan ina buga Dream League Soccer a waya, kuma akwai wani abokina da muke zama majalisa ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi da ya ishe ni da tambaya wai ya sauke ko kar ya ɓata datarsa, shi ne na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani a huta.

Ku fara sanin wayar tukuna don ita ce rabin zancen. Tecno ce ta hannu na siya a Farm Centre, RAM 3GB, ga tsaga a gilashin ta ƙasa ɓangaren dama daidai inda babban yatsa yake zama. Duk mai riƙe da waya ta dubu ɗari bakwai ba lallai ra'ayinmu ya zo ɗaya ba, ni da 'yan uwana masu Tecno da itel da Infinix nake.

Kafin wannan akwai wani gem ɗin ƙwallo da na shekara biyu ina bugawa, ba zan kama suna ba. Kyau kam yana da shi, har gumin ɗan wasa kana gani, amma wallahi kafin ka kai ga taɓa ƙwallo sai ka gaji. Ka buɗe ya ce jira, ya gama ya kawo maka akwatin kyauta, ka rufe ya kawo sanarwar sababbin 'yan wasa, ka rufe wannan ma wani ya fito, ga jajayen ɗigo-ɗigo a kan kowane madanni kamar mai ƙyanda, rubutun kuma ƙanana sai ka kai wayar bakin hanci. Na taɓa ƙirgawa, sau tara na danna kafin alƙali ya busa. Ranar da na goge shi kuwa sabuntawa ya nema, na sa datar sati guda da asuba kafin azahar babu ita, kuma wasa ko ɗaya ban buga ba.

To shi Dream League Soccer ɗin, wato DLS, abin da ya fara kama ni shi ne bai cika min fuska da tarkace ba. Hagu akwai da'irar juya ɗan wasa, dama madanni uku, A da B da C, shi kenan. In ƙwallo tana ƙafarka B fasin ne na ƙasa, C ya ɗaga ta sama, A kuma duka ne mai ƙarfi, wato shot. In kuma tana wajen abokin karawa B ya matsa masa, A ya yi sharar ƙafa, C ya canza maka ɗan wasa. Ƙanena ɗan firamare a wasa na biyu ya gane, ba wanda ya koya masa. Kuma madannan manya ne, da tazara tsakaninsu, wanda ga mai katon yatsa irina ba ƙaramin abu ba ne, don a wancan gem ɗin sau nawa ina son fasin na doka ta sama daga tsakiyar fili saboda yatsa ya taɓa biyu a lokaci ɗaya.

Wannan magana ta madanni fa ba yau aka fara rigima a kanta ba. Duk wanda ya yi zaman gidan gem a garin nan lokacin PS2, wato PlayStation 2, muna tsugune gaban talabijin ana jiran layi janareta na ta ƙara, ya san yadda 'yan PES da 'yan FIFA suke. Gem ɗin ƙwallo ne su biyun, amma a hannun PS in PES kake bugawa madannin bokis ne shot, na da'ira kuma kuros, a FIFA an juya su, da'ira ce shot. Sai ka ga gwani ya zo gaban raga shi da gola ya danna abin da hannunsa ya saba, ƙwallo ta tafi kwana, a fashe da dariya. Shi ya sa kafin a take wasa sai an tsaya kowa ya shiga saiti ya mayar da madannansa yadda ya saba, mai gidan yana ta faɗa wai lokacinku na tafiya. Hannu ba ya mantuwa, ni har yau PES 6 na 2006 yana cikin yatsuna, kuma ina ganin masu haɗa gem da yawa sun fi damuwa da abin da ido zai gani a kan abin da yatsa zai ji.

Amma fa ba kowa ne ya yarda da ni ba a majalisa. Akwai wanda ya ce min wannan ai wasan yara ne, ina madannin gudu, ina R1, ina turayangul na zura ƙwallo tsakanin 'yan baya? Kuma yana da gaskiyarsa, in ka saba da madanni takwas za ka ji kamar an ɗaure maka hannu ɗaya, akwai lokacin da ni ma nake ganin gibi a tsakanin 'yan baya in rasa yadda zan cusa ta yadda nake so. Na dai ce masa gilashin waya ba hannun PS ba ne, babu abin da yatsa zai lalubo ya ji, dole sai ido ya taya shi, to in aka jera madanni shida a wajen ina za ka ga filin? Bai yarda ba, har yanzu muna kai.

Kamfanin da ya yi shi First Touch Games ne na Ingila, kuma suna da lasisin FIFPRO, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, don haka sunayen 'yan wasa na gaske ne. Kai kake gina kulob ɗinka, ka faro daga rukunin Academy kana hawa har Legendary, ka siyi 'yan wasa da kwabban da ka tara, ka faɗaɗa filinka. Abin da ya fi min daɗi kuwa ana iya canza suna da tambari da riga, ni tun ranar farko na mayar da tawa Kano Pillars, rawaya da kore, filin ma na sa masa suna Sani Abacha kamar na Ƙofar Mata. Sai Masu Gida! Mun ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a wayata kuma kusan duk sati muna ci.

Talla akwai ta, ka kalla a ƙara maka kwabbai, ni ban ga laifinsu ba tunda kyauta na sauke kuma su ma abinci suke ci. Wasan lig ɗina kuma ina buga shi ko data a kashe, a cikin adaidaita daga Kabuga zuwa Bata in an samu cunkoso sai in gama wasa biyu, batir ma ba ya zuƙewa kamar da, wanda in an ɗauke wuta kwana biyu kana kai caji shago za ka san darajar hakan. Na intanet ɗin da ake karawa da mutane ne ban cika shiga ba, kuma wannan laifin layina ne, da magariba sabis ɗin unguwarmu sai a hankali, ka danna B yanzu ɗan wasa ya ba da fasin gobe.

Da za su ji ta tawa abu ɗaya zan roƙa, sharhi da Hausa. Baturen da yake magana a ciki na haddace duk abin da zai faɗa, na ma kashe muryarsa. Ka yi tunanin a ce irin masu sharhin ƙwallo na gidajen rediyon Kano ne a ciki, ka zura ƙwallo ka ji an ja "ta shigaaa" har numfashi ya ƙare, ai ko kuɗi suka ce a biya zan biya.

Don haka malam ka sauke, amma ka bari sai cikin dare lokacin garaɓasar data. Ni huɗu nake ba shi cikin biyar, ɗayan na riƙe sai ranar da na ji Hausa. In ka gama ka zo majalisa bayan isha'i, kuma kar ka ce min yatsanka ne ya zame.