Gidan kallon da ke nuna tsoffin tseren motoci a bayan Zoo Road

Ga masu tambaya ta a kan wajen nan da na ce ana kallon Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, toh gidan kallon ƙwallo ne kawai irin wanda kuka sani, a wani lungu bayan Zoo Road, sai dai ranakun tsakiyar sati da babu wasa mai gidan yana kunna majigi ya sa tsoffin tsere na zakarun duniya da suka shuɗe. Bayan isha'i ake farawa, kuɗin shiga daidai da na kallon ƙwallo, akwai mai shayi a bakin ƙofa.

Abin da ya sa wajen ya fi kallo a waya shi ne shi kansa mai gidan. Dattijo ne, tsohon bakanike, ya daɗe yana harkar kayan mota a Ƙofar Ruwa, kowa Baba yake ce masa. Turanci ake sharhi a bidiyon amma shi yana zaune gefe da rimot a hannu, ya tsayar ya yi bayani da Hausa ya ci gaba, kuma bayanin mai sana'a ne ba na ɗan kallo ba, zai nuna maka inda direba ya makara wajen taka birki da gangan dan ya sha gaban wani a kwana, ko ya ce ku saurari kukan injin nan giya ce ta fara ba shi matsala.

Daren Fangio ya fi tsaya min. Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina, kambu biyar, 1951 sannan 1954 har 1957 a jere, kuma da kamfanoni huɗu daban daban, Alfa Romeo da Mercedes da Ferrari da Maserati. Hoton baƙi da fari ne yana rawa, amma ka ga mutum zaune cikin mota ba bel ba rufi, da riga mai gajeren hannu da wata 'yar hular kwano marar kauri, kamar wanda ya fito zai je Kwari sayen yadi. Aka nuna guntun tseren Nurburgring na Jamus a 1957, ya tsaya canza taya makanikai suka ɓata masa lokaci ya fito yana bayan Ferrari biyu da sama da sakan 40, yana da shekara 46 fa, ya bi su yana karya tarihin zagaye ɗaya bayan ɗaya har ya wuce direbobin Ferrari ɗin biyu, Collins sannan Hawthorn, ya ci. Wani yaro a bayana ya ce Baba dan Allah a mayar baya, Baba ya ce kai zauna, ba a gaggawa a gaban manya, sannan ya mayar ɗin.

Amma in ka lura da yadda yake jera su, ba lissafin kofuna ne ya dame shi ba, abin da kowa ya bari a baya ne. Ya sa Jim Clark zakaran 1963 da 1965 wanda ya mutu a Hockenheim 1968, ya sa Jochen Rindt da ya mutu a Monza 1970 aka ba shi kambun shekarar yana kabari saboda babu wanda ya kamo makinsa, sannan ya kawo Jackie Stewart. A 1966 a Spa ta Beljiyam Stewart ya yi hatsari ya maƙale cikin mota fetur yana zubo masa a jiki, babu ma'aikatan ceto kusa, sai direbobi biyu ne suka tsaya suka ari sifana wajen ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi. Daga nan ya riƙa liƙa sifana cikin motarsa, ya tasa masu shirya tsere a gaba sai an sa shinge da likitoci da bel, ana masa kallon matsoraci, shi kuwa ya ci kambun 1969 da 1971 da 1973 ya rufe musu baki. Baba ya ɗora da bidiyon Grosjean a Bahrain 2020, mota ta rabe biyu wuta ta tashi mutum ya fito da ƙafarsa, ya ce wannan fitowar da kuke gani wasu ne suka biya kuɗinta da ransu. Ɗakin ya yi tsit wallahi, har masu danna waya suka ɗago.

Niki Lauda ma haka, ya ƙone a 1976, sati shida ya dawo Monza da bandeji a kai ya zo na huɗu, ƙarshe James Hunt ya ɗauke kambun da maki ɗaya bayan Lauda ya ajiye mota a ruwan saman Japan ya ce ransa ya fi.

Yanzu inda nake da ƙorafi. Baba masoyin Ayrton Senna direban Brazil ne na gani kashe ni, kuma son kan ya yi yawa. Eh zagayen farko na Donington 1993 cikin ruwa, daga na biyar zuwa na ɗaya, abin kallo ne, kuma mutuwarsa a Imola ranar 1 ga Mayu 1994, da tutar Ostiriya da aka tarar a motarsa wadda ya so ɗagawa dan Ratzenberger, direba ɗan Ostiriya da ya mutu kwana ɗaya kafin shi, ba wanda ba za ta taɓa ba. Amma Alain Prost kambu huɗu gare shi, Senna uku, kuma karon Suzuka na 1990 Senna ne ya afka masa a kwanar farko, in ka faɗi haka sai Baba ya ƙara murya a sifika. Schumacher mai kambu bakwai da nasara 91 ma a gurguje ake wuce shi. Sannan Jody Scheckter na Afirka ta Kudu, zakaran 1979 a Ferrari, shi kaɗai ne daga nahiyarmu, ban ga an ware masa dare ba.

Bencin katako ne ba majingina, fanka ɗaya ce ke aiki, in an ɗauke wuta janareto yana daf da taga sai ya danne kukan injin da ka zo ji, dan haka ka zauna layin gaba ta hannun dama. Masoya direbobin zamani irin su Hamilton da Verstappen ku sani ranar Lahadi yana nuna tsere kai tsaye ne kawai in bai yi karo da firimiya ba, in ya yi karo ƙwallo ce ke ci. A daidaita sahu ba ya shiga lungun in an yi ruwa, a bakin titi za ka sauka ka taka.