Gargaɗi ga masu gyaran gidajen haya: samfur daban, kayan da ake kawowa daban

Jama'a, duk mai shirin sa tayil a gidan haya ya tsaya ya karanta wannan, don abin da ya same ni ba na so ya sami wani.

Bayan tsofaffin 'yan haya sun tashi, na yanke shawarar cire ledar ƙasa in sa tayil, tunda gidan haya yau wannan ya shigo da gadonsa, gobe wancan ya ja firjinsa ya fita. Sai na haɗu da wani dillali a intanet. Ya kawo min samfur mai nauyi, ya ce fosilin ne, wato tayil mai ƙarfi da ba ya shan ruwa sosai, ɗan Italiya, ragowar wata kwangila, shi ya sa ya karya farashi. Ya ce in ba da kafin alƙalami a ranar, wai akwai mai jiran kayan. Na biya rabi. Mota ta iso da daddare, direba yana ta sauri, na buɗe kwali biyu na sama na ga daidai, na cika kuɗi.

Ba a yi wata biyar ba ƙyallin na falo ya dushe a bakin ƙofa, na kicin ya tsage, na banɗaki kuwa santsinsa ya kayar da yarinyar ɗan haya. Allah ya kiyaye, ba ta karye ba, amma wannan ne ya fi tsaya min a rai. Da na kira wani tsohon mai sa tayil, ya juya ragowar guda ɗaya ya zuba ruwa a bayansa, nan take ya shanye. Ya ce min wannan na bango ne, ba a yi shi don a taka ba.

Ga abin da ya koya min. Fosilin na gaskiya ba ya shan ruwan da ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa, haka ƙa'idar ingancin tayil ta duniya, ISO 13006, ta tanada, shi kuwa tayil ɗin bango yakan sha sama da kashi 10. Saboda haka ruwa kan tsaya a bayan fosilin, ba ya nutsewa. Akwai kuma lambar PEI a jikin kwali, wadda ke nuna juriyar ƙyallin sama ga takawa: 1 na bango ne, ƙasan ɗaki na son 3, inda ake yawan shige da fice kuma 4. Na banɗaki a nemi mai kaushi. Ma'aunin santsi yana tashi daga R9 zuwa R13, kuma R9 bai dace da wurin da ruwa ke zuba ba. Kwalayen da aka kawo min, ban da na saman nan, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi a jikinsu.

Algus ɗin bai tsaya nan ba. Lambar zubi, wato lambar rukunin tayil da aka ƙera tare, ta bambanta daga kwali zuwa kwali, shi ya sa launin falo ya fito kala biyu da rana. Wasu a karkace suke: haɗa fuskar biyu, in ka ga haske a tsakani ko suna rawa, wanda masana'anta ta ware ne saboda aibi. Sannan a ƙirga. Tayil mai santimita 60 da 60, guda huɗu ne ke ba da murabba'in mita 1.44, amma na tarar da kwalaye masu guda uku maimakon huɗu, an cika da kwali an manne.

Don Allah kada ku karɓi kaya cikin duhu. Ku riƙe samfurin a hannunku, ku rattaba hannu a bayansa, ku zaro kwali daga tsakiya da ƙasan mota da kanku, mai sa muku tayil yana tsaye. A rubuta nau'i da lambar zubi da adadi a rasit kafin a cika kuɗi, domin da zarar siminti ya kama, ba mai karɓar kayansa.

Dillalin ya kashe layinsa, amma na sake ganin hotunan nan da maganar ragowar kwangila a wani shafi mai sabon suna. Ni kuma sati mai zuwa za a fasa banɗakin da kicin, na riga na roƙi 'yan hayan su yi haƙuri da ƙura.