Daino ko titi: inda za ka saita Hilux ɗinka mai 1KD

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya inda ya fi dacewa a yi wa injin motarka saiti: a kan daino, wato na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfin injinta, ko kuwa a titi. Tunda Hilux ɗin taka Vigo ce mai injin dizal samfurin 1KD, ka sa mata turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) wanda ya fi na kamfani girma da salansa mai faɗin inci 3, kuma kaya kake ɗauka da ita, to daino za ka kai ta. Sai dai ka tabbatar daino ne mai birki. Idan an gama a can, a fita da ita titi a duba aikin, shi ke nan amfanin titi.

Daino iri biyu ne. Akwai wanda ganga ce kawai mai nauyi: tayoyin baya su murza ta, kwamfuta ta lissafa ƙarfin daga saurin da gangar ta ɗauka, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Wannan ya isa a buga maka takarda, amma bai isa a saita injin dizal ba, domin nauyin da yake ɗora wa mota bai kai na hawa ba, turbo ba ya cika yadda yake cika a hanya, inji kuma bai kai ga ɗaukar zafi ba an riga an ɗaga ƙafa. Na biyun yana da birkin lantarki da ke riƙe gangar, irin na Mustang ko Dyno Dynamics ko Mainline, akwai kuma Dynapack da ake cire tayoyi a ɗaura shi kai tsaye a kan hob, wato inda ake ɗaura taya. Da irin wannan, mai saiti zai ce wa na'ura ta riƙe inji a kan rpm 2,000 (juyi 2,000 a minti) daram, ya taka totur har ƙasa, allura ba za ta wuce wurin ba.

Nan ne duk maganar take. Injin 1KD mai giyar hannu ya fito daga kamfani da doki 171 da ƙarfin juyi Nm 343. Abubuwan da mai saiti yake taɓawa a ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, su ne yawan man da nozul ke fesawa, lokacin fesawar, matsin man a cikin bututun da ke raba wa nozul, da buɗewar fikafikan turbo. Lokacin fesawa shi ne mai haɗari. Idan ana matso da shi gaba digiri ɗaya-ɗaya, ƙarfin juyi zai riƙa hawa a allo, har a kai inda za a ƙara digiri ɗaya lambar ta ƙi motsi. Daga nan duk abin da aka ƙara ba ƙarfi yake zama ba, matsi ne kawai yake ƙaruwa a kan fistin. Mai saitin da ya san aikinsa da ya ga lambar ta tsaya sai ya ja baya kaɗan, ya bar ta nan, ya koma rpm 2,400 ya sake, ya koma 2,800, har ya bi taswirar kaf. A titi babu yadda za a yi ka ga wannan iyakar, bambancin Nm 5 ko 10 jiki ba ya jin sa. Shi kuwa 1KD an san shi da tsagewar fistin idan aka haɗa masa matsi da zafi, musamman in nozul ɗinsa sun fara gajiya.

Haka batun fikafikan turbo. Taswirar da ke cikin ƙwaƙwalwar ta ƙaramin turbo ce, wanda matsinsa ke kusa da psi 15. Sabon naka ba zai bi ta daidai ba: ko ya yi jinkirin cika motar ta riƙa aman baƙin hayaƙi a ƙasa da rpm 2,000, ko ya cika a fusace matsin ya yi tsalle ya wuce abin da aka nema, ƙwaƙwalwa ta yanke mai motar ta koma ɗingishi. A daino mai birki za a maimaita wurin sau goma a yanayi ɗaya har layin matsin ya miƙe.

Kafin a ɗaure motar ka nemi a sa ma'aunai biyu. Na farko na zafin hayaƙi, a huda masa wuri a bakin inji kafin turbo. A can kada ya zauna sama da digiri 700 idan an riƙe totur. In bayan turbo aka sa shi, abin da zai nuna ya kan gaza na gaskiya da digiri 100 zuwa 200, saboda haka ka tambaya a ina yake kafin ka yarda da lambar. Na biyu na gaurayin iska da mai, a salansa. Ga motar kaya a ƙasarmu mai zafi, a bar shi wajen 18 zuwa 1, wato iska kashi 18 mai kashi 1, idan an taka har ƙasa. Da ya gangaro kusa da 16 hayaƙi zai fara duhu, zafi ya biyo baya.

Ga wani abu da ake mantawa da shi a kan Vigo. Intakularta, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya matse kafin ta shiga inji, a saman inji take, iska kuma ta hancin nan na kan bonet take shigo mata. A daino an buɗe bonet, babbar fanka tana gaba tana hura lagireto, ita intakula tana can sama tana gasuwa. Bayan ja 3 ko 4, wato takawar gwaji a kan daino, ka ɗora hannu a kanta, ba za ka iya barinsa ba. Dole a sa mata fanka ta daban da ke hura ta daga sama, a riƙa duba zafin iskar da ke shiga inji kafin kowane ja, in ba haka ba ja na farko da na biyar ba su da abin da ya haɗa su. A sa motar a H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, a giya ta 4, domin ita ce 1 da 1 (ba ta ƙara juyin inji ba ta rage shi) a giyar hannu mai biyar. Idan tayoyin laka ne a ƙafarta, ka aro na kwalta, masu manyan haƙora suna santsi a kan ganga kuma suna zafi da wuri.

Saitin titi kuwa, araharsa ce kawai abin yabo, sai kuma iska ta gaske da yake ba intakula. Mutum na gefe da kwamfuta a cinya, kai kana taka giya ta 4 har ta haura kilomita 120 a awa a hanyar da akwai rami da tirela da dabbobi, kuma ja biyu ba sa taɓa zuwa iri ɗaya saboda gangara da iska. Wanda ba shi da hanyar kaiwa ga daino, ya tsaya a ƙarin mai kaɗan, kada a taɓa masa lokacin fesawa.

Inda titi yake da aiki shi ne bayan an gama. Ka loda mata irin kayan da ka saba ɗauka, ka kunna AC, da rana tsaka, ka nemi doguwar hawa a riƙa naɗar bayanai ta soket ɗin OBD, inda ake jona kwamfuta da mota. Ga mai bin hanyar Akwanga zuwa Jos, Hawan Kibo ya isa gwaji. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, iskar can ta fi ta bakin teku sirantaka da fiye da kashi 10 cikin ɗari, turbo sai ya ƙara gudu kafin ya kawo matsin da aka nema. Saitin da aka yi a Legas aka kai shi har bakin iyaka, a can sama zai nuna hali. Haka wanda aka yi da sanyin hunturu, idan Afrilu ta zo Sakkwato ko Maiduguri zafi ya haura digiri 40. In ma'aunin zafin hayaƙi ya wuce 700 a hawan, a koma a rage mai.

Kada ka biya kuɗin daino sai ka gyara abin da ke ƙasa. A duba lambobin gyaran nozul da Techstream, manhajar Toyota ta duba mota, inji na da zafi yana sulo. Nozul ɗin da lambarsa ta fita daga tsakanin -3 da +3 ya gaji. A canja wasoshin tagulla na ƙarƙashin nozul, domin idan suna yoyo hayaƙi na shiga baƙin mai ya daskarar da shi ya toshe rariyar famfon baƙin mai, inji ya tafi. A toshe bakin turbo a hura iska psi 20 cikin tiyo-tiyon, a bi su da ruwan sabulu. A wanke na'urar auna iska da ke bayan filta, ƙurar hunturu na sa ta ƙarya. Filtar mai sabuwa, dizal daga gidan man da ka yarda da shi, ban da na bumburutu da ake sirka wa kananzir. Idan bel ɗin taimin ya kusa kilomita 150,000, a canja shi tun yanzu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da iska. Akwai wanda zai sauko da fayil daga intanet, na wata mota a wata ƙasa mai sanyi, ya zuba maka cikin minti 20 ya kira shi saiti. Akwai mai sayar da ɗan akwati da ake jonawa a na'urar auna matsin mai, aikinsa kawai ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙarya famfo ya ƙara matsi, nozul ne ke biyan bashin. Masu daino ma ba duka ne na Allah ba: idan aka ajiye ma'aunin zafin ɗaki kusa da inji, kwamfuta za ta ɗauka ana tsananin zafi ta kumbura lambar ƙarshe. Ka duba takardar kafin saiti da ta bayansa, giya ɗaya, zafin ɗaki kusan ɗaya, lambar gyara ɗaya. Nozul kuma akwai tsofaffi da ake wankewa a sa a kwalin Denso. Kowane na gaske yana da lamba mai harafi 30 a kansa da ake shigarwa ƙwaƙwalwa, mai sayarwa da ya ce ba sai an shigar ba, ka bar masa kayansa. Kuma kada ka fita daga garejin sai an ba ka asalin fayil ɗin motarka a filashi.

Ka ce wa mai saitin Nm 420 ko kusa da haka ya ishe ka, kuma ya sassauta ƙarfin a ƙasa da rpm 1,800 saboda kulocin. Ko da hakan, ka ware kuɗin kuloci mai ƙarfi: ka sa giya ta 4 a rpm 1,800 ka taka, idan allurar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, ya fara santsi. In akwai kaya a baya, a daina hawa da giya ta 5.