Darasin harshen Kilingon a Duolingo: yadda yake koyar da yanayin aikatau

Kilingon ƙagaggen harshe ne wanda masanin harsuna ɗan Amurka, Marc Okrand, ya tsara wa nahawu domin finafinan Star Trek tun a 1984, kuma manhajar Duolingo ta buɗe darasinsa a watan Maris na 2018. Kyauta ne, da Turanci ake koyarwa. Abin da ya kai ni gare shi abu ɗaya ne, wato yadda aikatau ɗin harshen ba ya nuna jiya ko gobe, sai dai ya nuna ko aiki ya kammala ko yana gudana.

Ɗafa-ƙeya huɗu, wato gaɓoɓin da ake liƙawa a ƙarshen aikatau, su ne ke ɗauke da wannan nauyi. Ana liƙa -pu' idan aiki ya kammala, -ta' idan ya kammala kuma da niyya aka yi shi, -taH idan yana ci gaba, sai -lI' idan yana ci gaba amma an san inda ya dosa. Lokaci kuwa kalmomi irin su wa'Hu', jiya, da wa'leS, gobe, ne ke fayyace shi. Saboda haka jISoppu' na nufin "na ci", wa'leS jISoppu' kuma na nufin cin zai riga ya kammala gobe. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, domin mu ma muna cewa "gobe war haka na isa Kano", alhali ko tasha ba a je ba. "Na" ɗin nan kammaluwa take nunawa, ba shuɗewar lokaci ba.

Darasin ya yi kyau wajen maimaici, domin jimlolin gajeru ne, kuma suna dawowa har sai ɗafa-ƙeyar ta zauna a ka, tare da tsarin jimlar harshen da ke sa karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, a farko, aikatau a tsakiya, mai aikin a ƙarshe. Inda ɗalibi zai yi hattara shi ne fassara, kuma wannan halin Turanci ne, wanda ke ɗaure aikatau da lokaci: vIghorpu' da vIghorta' duk za su iya fitowa da fassara iri ɗaya, alhali na farko "na fasa shi" ne kawai, na biyu kuwa "na fasa shi da gangan". Na fi jin daɗin -lI', domin bambancin da ke tsakanin mai yawo da mai tafiya zuwa wani gari, wanda mu sai mun ƙara kalma muke fitar da shi, Okrand ya dunƙule shi cikin gaɓa guda.

Ina ba ɗaliban nahawun Hausa shawarar su gwada shi, su riƙa mayar da kowace jimla Hausa a littafinsu kafin su duba amsar Turancin.